Tsufan Aro

Akwatin kayan aikina na manta a kufai, shi ya mayar da ni. Mun gama ɗaukar fim na ranar, an naɗe wayoyi, an saka kyamara a jaka, kowa ya shige bas. Har Mati direba ya hau kwalta ya miƙi hanyar Daura, na laluba ƙarƙashin kujera na ji wayam.

Mansur, darektanmu, ya ce a bari sai gobe. Na ce ba zai yiwu ba, narkakkiyar robar shafa wa fuska da aka sha wuya aka samo daga Kano tana ciki, in awakin makiyaya suka ture akwatin to aikinmu ya kwanta. Ya leƙa ta taga ya dubi yamma, ya ja tsaki.

"To ki yi maza, Murjanatu. Magariba ta kawo jiki. Kin san yadda gari yake yanzu, ba na son a tare mu a hanya a ce mun kwaso mata cikin duhu."

Shekarun farkon Shari'a ne, mu 'yan fim kuwa ido a kanmu yake. Ni ma abin ya taɓa sana'ata, don tun da aka fara na daina taɓa fuskar namiji, mata kaɗai nake yi wa aiki. Aikin nawa kuwa tsofar da mutane ne. A kawo mini yarinya ɗanya shakaf in zaunar da ita, kafin a gama daidaita kyamara ta zama kakar wani. Nakan ja fatar da yatsu biyu, in shafa roba ko jiƙaƙƙen ƙaro, in fifita da mafici har ya bushe, sannan in sake. Fatar sai ta tattare da kanta. Daga nan jagira ta zurfafa layukan, hoda ta kashe ƙyalli, alli da toka su shiga gashi, goro ya rina haƙora. Amma ban taɓa ƙirƙirar layi ko ɗaya ba. Sai in ce wa mace ta yi dariya, ta ɗaure fuska, ta yi kamar za ta yi kuka, ni kuma in bi duk inda fuskar ta lanƙwashe da kanta. Kowace fuska ta riga ta san inda za ta tsufa, ni dai gaggauta mata nake yi.

Mahaifiyata, Inna Kubura, ba ta taɓa ganin amfanin wannan sana'a ba. Takan kama fatar kumatunta ta ja, ta ce, "Ga shi nan Allah Ya ba ni kyauta ina neman mai karɓa, ke kuma kina can kina shafa wa mutane da ƙaro."

A daminar nan Inna ta kwanta, kwanciyar da duk muka san ba ta tashi ba ce. Jiki ya ƙare, ido ya yi rauni, sai baki da ya rage mata, don ko a kwance ba ta fasa tsokana ba. Abu ɗaya ne ke kashe mata fara'a. In rana ta faɗi sai ta juya fuska ga ƙofa ta shiga kiran Yaya Yelwa.

Yelwa yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, an ce kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Suna yara a wani ƙauye wajen Sandamu, wata rana da magariba aka nemi Inna aka rasa. Yelwa ta fita daji tana kiran sunanta. Ashe Inna tana ƙarƙashin rumbu, ta shiga wasan ɓuya barci ya kwashe ta. Inna ta farka ta fito tana murza ido. Yelwa ce ba ta dawo ba. An bi gonaki, an zura guga a rijiyoyi, an yi saukar Alƙur'ani, shiru. Manya suka ce mutanen ɓoye sun ɗauke ta. Ƙauyen ya tashi tun kafin a haife ni, ni kuwa ban taɓa tambayar daidai inda yake ba.

Fadila, matar yayana da ke jinyar Inna in na fita aiki, ta gaya mini cewa a 'yan kwanakin nan wani sabon abu ya ƙaru. Bayan kiran, sai Inna ta riƙa korar wata yarinya daga bakin ƙofa, alhali ba kowa a wurin. Muka ce zafin ciwo ne.

Da wannan a zuciyata na sauka daga bas.

Daga kwalta zuwa kufan 'yar tafiya ce ta tsakiyar gonakin gero. Geron ya yi kai, ya fi ni tsawo, ganyensa na gogar hijabina. An yi yayyafi da la'asar, ƙasa na ta ƙamshi. Gyare na kuka ta ko'ina. Can nesa wani makiyayi na kora shanu gida, ina jin ƙarar sandarsa a bayan saniya. Ina tafe ina lissafin abin da zan dafa wa Inna wanda zai zauna a cikinta.

Mansur ya zaɓi kufan ne don fim ɗinmu na mutanen dā ne. Zubabbun katangu, tsohuwar rijiya da aka rufe da ƙaya, da duwatsun gindin rumbu a jere, rumbun kansa ya daɗe da narkewa. A kan duwatsun nan na bar akwatin.

Yana nan inda na bar shi. Wata yarinya na zaune a gefensa.

Ban tsorata ba. Da rana mun tara 'yan matan ƙauyen da ke kusa, mun ɗaura musu saƙi da duwatsun tsakiya a wuya don su cika mana dandali. Na ɗauka ɗaya ce daga cikinsu ta maƙale. Ba za ta wuce shekarun fara tallar fura ba. Zanen saƙi ɗaure a ƙirji, kitson dā a kai, ƙafa ba takalmi.

"Ke 'yammata, ba ki tafi gida ba? Kawo zanen nan, na 'yan fim ne."

"Nawa ne."

Muryar can ƙasa take, kamar mai gudun kada ta tashi jariri.

Na sunkuya zan ɗauki akwati. Ta ɗora hannu a kan murfin.

"Ke ce mai tsofar da mutane. Na ga abin da kika yi wa waccan da rana. Ki yi mini."

Na yi dariya. "Ke da ko gaɗa ba ki gama yi a dandali ba, me za ki yi da tsufa? Ki jira, zai zo har inda kike, ba sai kin aika masa ba."

"Na jira. Bai zo ba."

Sai a lokacin na lura gyare ya yi shiru. Sandar makiyayi ma ta ɗauke. Ko ganyen gero ba ya motsi.

"Ƙanwata nake son in je wa," in ji ta. "Na daɗe ina nemanta. Da na same ta, ba ta gane ni ba. Kullum na tsaya a bakin ƙofa sai ta ce, ''Yar wa ce wannan? Je ki gida, magariba ta yi.'"

Ta ɗago kai. Sauran hasken yamma ya faɗa mata a fuska. Tsaga uku ƙanana a gefen baki, hagu da dama. Tsagar gidan su Inna. A duk Daura ban taɓa ganinta a fuskar kowa ba sai Inna.



A bayan katangar da ke bayana wani abu ya fara motsi. Raɗa ce, amma ba ta baki ɗaya ba. Kamar mata da yawa suna shiƙar gero a hankali. Wani wari ya biyo, na tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba, da man shanu da ya juya.

"Kada ki waiwaya, 'yar nan," yarinyar ta ce. "Masu riƙona ne. Sun ba ni zuwa jan nan na yamma ya ɓace."

'Yar nan. Ni da na haife ta a girme.

Ba zan ce jarumta ce ta zaunar da ni ba. Tsoro ne ya durƙusar da ni. Amma da gwiwoyina suka taɓa ƙasa, abin da ya zo mini shi ne Inna kwance, fuska ga ƙofa, tana kiran wadda take kora ba ta sani ba. Tausayi ya kama ni har ya kusa rufe tsoron. Na miƙa hannu ga akwati.

"Ki yi bismillah mana," ta ce. "Haka aka koya mana a gida."

Na yi. Raɗar bayan katanga ta ɗan ja baya.

Na lakaci man shafawa na ɗora a bayan hannuna da wuyan hannu, kamar yadda nake yi kullum don a nan nake haɗa launi. Na kama haɓarta na ɗaga.

Sanyi. Irin sanyin gindin randa.

Duk mai wannan sana'a ya san abu ɗaya ko bai taɓa faɗa ba. In kana aiki a fuskar mutum, numfashinsa na sauka a hannunka. Ɗumi-ɗumi, a kai a kai, har ka daina lura da shi. Na riƙe hannuna a ƙarƙashin hancinta. Ina jira.

Ba komai.

"Yi dariya," na ce da kyar.

Ta buɗe baki, ta nuna haƙora. Fatar ba ta lanƙwashe ko'ina ba.

"Ɗaure fuska."

Sumul.

"Yi kamar za ki yi kuka."

Ta daɗe tana ƙoƙari. "Na manta yadda ake yi."

Ba layin da zan bi. Fuskar ba ta san inda za ta tsufa ba, domin ba abin da ya same ta tun daga waccan magaribar. Na dubi yamma. Jan ya fara komawa ruwan toka. Fuska ɗaya ce na haddace a duniya, wadda ko ido rufe zan iya zanawa, mai irin wannan ƙashi da wannan tsaga.

Na ja fatar tsakanin girarta, na shafa roba, na fifita, na sake. Layi biyu suka tsaya a tsaye.

Ta taɓa da yatsa. "Wannan na mene ne?"

"Hayaƙin murhu. Da babanmu ya rasu, waina ta riƙa toyawa a ƙofar gida har muka girma."

Na koma gefen ido. Ƙananan layuka masu yawa, kamar sawun kaza.

"Wannan fa?"

"Dariya. Inna akwai tsokana."

"Tun tana ƙarama," ta ce. "Takan ɓoye mini tsintsiya."

Na ja daga gefen hanci zuwa bakin leɓe, na zurfafa da jagira, na sake zurfafawa. Nan sai da hannuna ya tsaya.

"Wannan ya yi zurfi."

"Yazid ne. Ƙanena. Mota ta kife da su a hanyar Kongolam. Kafin a kawo gawar ba ta da wannan. Da aka fita da shi na gan shi a fuskarta."

Raɗar bayan katanga ta matso. Ina jin sanyinta a ƙeyata.

Na lotsa kumatu da launi mai duhu. Na tattare fatar wuya. Na shafa alli da toka a kitson har ya koma furfura. Na rina haƙora da goro. Roba ba ta son bushewa a fata mai sanyi, ina ta fifita, mafici na kaɗawa a hannuna kamar ba nawa ba.

Saura goshi. Layi ɗaya dogo, karkatacce, ya fi ɗagawa ta dama.

"Wannan kuma na wa?"



"Naki ne. Kullum da magariba sai ta tsaya a ƙofar gida ta ɗaga gira tana duban hanya. Tun ina goye take yi."

Har masu raɗa suka yi shiru.

"A ina ta ɓuya ran nan?"

"Ƙarƙashin rumbu. Barci ne ya kwashe ta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta dubi duwatsun da muke zaune a kai. Ta shafa ɗaya da tafin hannu.

"Na duba ko'ina," ta ce. "Ban da nan."

Hawaye suka zubo mini. Ita ba ta da su, ni na yi mana.

Akwai tsohon mayafi a ƙasan akwatin, wanda muke yafa wa tsofaffin fim. Na lulluɓa mata. Jikin ƙarami ne, amma jikin Inna ma ciwo ya mayar da shi haka. Na ja da baya na duba, sai zuciyata ta yanke. Inna ce zaune a kan gindin rumbu. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa ƙin aikin hannuna irin na ranar ba.

"Ba ni madubi."

Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Yatsunta na bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ta zama?"

"Haka."

"Duk wannan ita kaɗai ta ɗauka? Ba ni?"

Muryar ta canja. Ta yi kauri, ta yi rawa, ta tsufa. Muryar Inna ce.

"Ba zan bar ta ba kuma. Yau zan taho da ita. A wurinmu ba ciwo. Ba hayaƙi. Ba a kawo wa uwa gawar ɗanta."

Nan hankalina ya tashi gaba ɗaya. Na ga abin da na yi. Na ba ta fuskar da Inna za ta buɗe wa ƙofa. Na ga gadon Inna ba kowa, na ga ana bin gonaki ana kiran suna, ba gawa, ba wanka, ba salla, ba kabarin da za a nuna wa jikoki.

"Inna Yelwa," na ce. Ban san sanda sunan ya fito ba. "Don girman Allah ki gaishe ta kawai. Ki bar ta ta cika a ɗakinta. Mu yi mata sutura."

"Ku sa ta a rami?"

"Nan ne gidanmu duka."

"Ba gidana ba."

Jan yamma saura ɗan zare.

Ta miƙe. Ban ga sanda ta miƙe ba.

"Ke ma taho. In tsufan ya ɓare sai ki gyara."

Ta cafke wuyan hannuna.

Sanyin ya shiga har ƙashi.

Katanga ta cika da motsi. Wani abu ya taɓa gefen hijabina. Wani ya shinshina kunnena.

Na buɗe baki, addu'a ta ƙi fita, sai sunan Allah kaɗai. Shi na yi ta maimaitawa.

Na fizga.

Man da na shafa a wuyan hannu ne ya cece ni. Hannun ya sulluɓe daga nata kamar sabulu.

Na faɗa cikin gero.

Ganye na yankar fuskata. Takalmi ɗaya ya fita. Ban tsaya ba.

A bayana aka kira.

"Kubura!"

Muryar yarinya, siririya, mai neman ƙanwa.

"Kubura!"

Yanzu a gefena.

"Kubura!"

Yanzu a gabana, can nesa, ta wajen Daura. Ba ni take bi ba. Ta wuce ni.

Na faɗo kan kwalta da gwiwa. Gyare na kuka kamar bai taɓa dainawa ba. Mati ya ce ya yi ta danna oda har ya gaji, ni ko ɗaya ban ji ba. Mansur ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskata, ya fasa.

"Ina akwatin?"

"Mati, don Allah Daura. Ka taka."

Ban san yadda muka iso ba. Na san dai masallatan unguwa sun idar da magariba, mutane na fitowa da carbi a hannu, mai tsire na hura wuta, komai na tafiya yadda ya saba. Na dira daga bas tun bai gama tsayawa ba. Na shiga gida da takalmi ɗaya.

An ɗauke wuta. Fadila na tsakar gida tana naɗe darduma.

"Yauwa Anti Murja, mun yi baƙuwa. Wata tsohuwa, wallahi kamarsu ɗaya da Inna, har sai da gabana ya faɗi. Ta ce 'yar'uwarta ce daga ƙauye. Na kai mata ruwa ba ta sha ba."

"Tana ina?"

"Tana ciki. Ba ta fito ba."

Na tsaya a bakin labule. Ba na jin komai daga ciki. Na roƙi Allah abu ɗaya, na ɗaga.

Fitilar ƙwai na ci a kan kwanon sha. Tabarmar baƙi a shimfiɗe, ba kowa a kai. Kofin ruwa cike.

Inna na kan gado.

Ƙirjinta na ɗagawa yana sauka. Na durƙusa na kai hannu kusa da hancinta, numfashi ya sauka mini a yatsu, ɗumi-ɗumi. Na kifa kai a gefen katifa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Ke kuma lafiya?" in ji Inna. "Ko an fasa fim ɗin ne?"

Fuskarta jiƙe take, amma tun da ta kwanta ban ga ta sake irin haka ba.

"Murja, Yaya ta zo."

"Na ji, Inna."

"Ashe ita ma ta tsufa. Tukuf, har ta so ta fi ni." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Ni da na ƙare rayuwata ina jin kunyarta. Ina cewa na cinye shekarun nan duka ni kaɗai, ita ko ɗaya ba ta samu ba saboda barcina. Ashe ta samu nata."

Na kasa ɗago kai.

"Na shafa fuskarta ina tambaya. Ta ce nan hayaƙin murhu ne, waina ta toya. Nan kuma ɗanta ne ya rasu a mota, Allah sarki, ita ma. Na goshin ta ce na duban hanya ne, tana jira na."

"Sai me ta ce, Inna?"

"Wai in tashi in bi ta. Ta kama hannuna tana ja." Inna ta girgiza kai. "Na ce haba Yaya, dube ni fa. Ina zan je? Babansu na nan, Yazid na nan, an bar mini wuri kusa da su. Likkafanina ma na cikin adaka. Na ce kin same ni, Yaya, neman ya ƙare. Ba daji na shiga ba, ina ƙarƙashin rumbu, ki yafe mini. Ta daɗe riƙe da hannuna. Sai ta sake."

Ta ɗaga hannun dama ta kai kusa da fitila. Tafin ya yi fari da alli da toka. Wani ɗan ɓawon roba ya maƙale a yatsarta.

Ta murza shi. Ta kai hanci ta shinshina.

Inna ta san warin nan. Shekara da shekaru ina shigo mata da shi gida a hannuna, tana yi mini tsiya a kai.

Ta juyo da raunanan idanunta ta daɗe tana kallona. Na jira tambayar. Ban san me zan ce ba in ta zo.

Tambayar ba ta zo ba. Ta dunƙule hannun, ta tura shi ƙarƙashin kumatunta, ta lumshe ido.

"Allah Ya yi miki albarka, Murja," ta ce. "Rufe ƙofar nan, ba wanda nake jira."

Ba ta ƙara kiran Yelwa ba. Bayan 'yan kwanaki ta cika da hantsi, a ɗakinta, kanta a cinyata, da kalmar shahada a bakinta. Ni da Fadila muka taya aka yi mata wanka. Aka kai ta kusa da Yazid.

Na ba Malam Maharazu, limamin unguwarmu, labarin duka. Ya ce aljani ne ya ari siffa, in yawaita azkar in daina fita da magariba. Ban yi masa gardama ba. Ni dai na san abin da ya ce mini in yi bismillah.

Da aka share makoki na koma aiki da sababbin kaya. Mace ta farko da na tsofar, da na ja baya na duba, Inna ce. Na wanke na sake, Inna ce. Aka kawo wata mai faffaɗar fuska, baƙa, wadda ba ta haɗa komai da mu ba, ita ma Inna ta fito. Na ajiye jagira na ce wa Mansur ya nemi wata. Yanzu kwalliyar amare nake yi a gida.

Makiyayan wajen Sandamu sun daina bi ta kufan da yamma. Sun ce akwai wadda ke zama a kan duwatsun rumbu, lulluɓe da mayafi. Ba ta kiran kowa, ba ta bin kowa. In ta ɗago, rabin fuskar ta tsohuwa ce, rabi ta yarinya, tana dafe da rabin tsohuwar da tafin hannu kada ya ƙarasa faɗuwa.

Na san roba, ba ta daɗewa. Wani lokaci in rana ta yi ja sai in tsinci kaina na jiƙa ƙaro a kofi, na sa hijabi, ina neman takalmi. Ita kaɗai ta rage a duniya da fuskar Inna, kuma fuskar na ɓarewa. Fadila ta gane. Sai ta tashi ta sa wa ƙofar gida sakata, ta zauna a jikinta har a kira salla.